Gudu a Lokacin Dogon Azumi: Sai da Ruwan Ciki Ake Jan na Rijiya

Karatu: 1 Sama'ila 14:24-33, 1 Sarakuna 19:1-8
Ayar haddacewa: 1 Korantiyawa 6:19-20

Gabatarwa

A farkon kowace shekara ikilisiyoyi da yawa sukan keɓe lokacin azumi da addu'a, wasu kwana 7, wasu 21, wasu har 40. A cikinmu kuwa akwai waɗanda gudu ya zame musu jiki. Ga matasa masu shirin shiga soja ko ɗan sanda, ga masu atisaye domin gudun fanfalaki na Legas mai tsawon kilomita 42 da aka saba yi a watan Fabrairu, ga iyayenmu da likita ya ce su riƙa motsa jiki saboda hawan jini ko ƙiba. Dukansu tambayarsu ɗaya ce: in ci gaba da gudu ina azumi, ko in dakata?

Wasu sukan ji kunyar yin tambayar, kada a ce bangaskiyarsu ta yi rauni. Kada ka ji kunya. Jikin nan da kake azumi da shi haikalin Ruhu Mai Tsarki ne, an saye shi da tsada, kuma za a tambaye ka yadda ka riƙe shi. Manufar darasin nan ita ce ka gama azuminka kana kusa da Allah, kuma kana tsaye da ƙafafunka.

1. Rantsuwar da Saul ya ɗora wa masu gudu

A cikin 1 Sama'ila 14 mun ga mutane suna gudu da azumi a bakinsu. Ubangiji ya ba Isra'ila nasara ta hannun Jonatan, Filistiyawa suka watse, sojoji suka bi su da kora. Ana cikin haka Sarki Saul ya sa mutane suka rantse, ya la'anci duk wanda ya ɗanɗana abinci kafin maraice. Suka shiga kurmi, zuma tana ɗiga, ba wanda ya isa ya kai hannu baki. Jonatan bai ji rantsuwar ba, ya tsoma kan sandarsa a zumar ya lasa, nan take idanunsa suka washe. Da aka faɗa masa abin da mahaifinsa ya yi, sai ya nuna cewa rantsuwar ta jawo wa ƙasar wahala, da mutane sun ci abinci da nasarar ta fi haka girma.

Daga Mikmash zuwa Ayalon, inda suka kai korar, ya fi kilomita 20, ƙasar kuma tuddai ce da kwaruruka. Da maraice ta yi, yunwa ta rufe wa sojojin ido. Suka auka wa ganima, suka yanka tumaki da shanu a ƙasa, suka ci nama da jininsa, abin da Shari'a ta hana.

Ka lura da abu uku. Allah bai umarci wannan azumi ba, zafin zuciyar Saul ne ya haife shi. Azumin ya rage nasarar da Allah ya riga ya bayar. Sa'an nan mutanen da suka wuni suna kiyaye dokar mutum suka ƙare da karya dokar Allah. Haka yake faruwa har yau: ɗan'uwa ya gaji da gudu da yunwa, ya dawo gida yana huci, ya daka wa matarsa tsawa don kunu bai huce ba, ya cika ciki har ya kasa durƙusawa. Ina addu'ar take?

2. Abin da ke faruwa a jikinka idan azumi ya yi nisa

Allah ya yi mana rumbu biyu na sukari a jiki. Hantar babban mutum tana ajiye kimanin giram 100, tsokoki kuma kimanin giram 400. Na hanta shi ne ke riƙe sukarin jini domin ƙwaƙwalwa, kuma kwana ɗaya ba abinci ya isa ya kusa ƙarar da shi. Na tsoka kuwa tsokar ce kaɗai ke amfani da shi.

Idan rumbun hanta ya yi ƙasa, jiki yakan juya ga kitse. Hanta tana narka shi ta fitar da wani makamashi da ake kira kiton, wanda ƙwaƙwalwa take koyon amfani da shi bayan kwana biyu zuwa uku. Amma duk da haka jiki yana bukatar ɗan sukari, sai ya riƙa gutsurar naman tsoka yana ƙera shi. Wato mai gudu a kwana na huɗu na azumin ruwa zalla yana cin ƙafar da yake gudu da ita.

Kitse kamar gawayi yake, yana daɗewa amma a hankali yake ci. Sukari kamar karan dawa, nan da nan ya kama. Tafiya a hankali tana iya rayuwa da gawayi. Gudu mai sauri da hawan tudu kara suke nema. Shi ya sa a tsakiyar azumi za ka iya takawa zuwa majami'a lafiya, amma da ka ɗaga ƙafa sai ka ji gwiwoyinka sun saki.

Akwai kuma batun ruwa da gishiri. Kowane giram na ajiyar sukari yana riƙe da ruwa kusan ninki uku, idan ya tafi da ruwansa yake tafiya. A kwanakin farko na azumi ƙoda ma tana zubar da gishiri fiye da yadda ta saba. Nauyin da ka ga ya ragu a makon farko yawancinsa ruwa ne. Jini ya ragu a jijiya, shi ya sa in ka miƙe daga durƙuso da sauri sai ka ga duhu-duhu.

3. Haɗarin da ke cikin gudun

Na farko, bushewar jiki. Mai gudu cikin zafi yana iya zubar da zufa lita ɗaya ko fiye a awa guda. Mutum mai nauyin kilo 70 in ya rasa ruwa kusan lita ɗaya da rabi, ƙarfinsa da natsuwarsa sun fara raguwa ke nan. Hunturu yana da yaudara: iska a bushe take, zufa tana bushewa kafin ka gan ta, sai ka ɗauka ba ka rasa komai ba. A watannin Maris da Afrilu kuwa, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a wurare kamar Yola, Sakkwato da Maiduguri, jikin da ba ruwa ba ya iya sanyaya kansa.

Na biyu, faɗuwar sukarin jini. Alamunta rawar hannu, zufa mai sanyi, ganin dishi-dishi, ruɗewa, sai suma. Mai gudu a bakin titi in ya sume, ba yunwa kaɗai ce abin tsoro ba, akwai mota, akwai kwata.

Na uku, rikicewar bugun zuciya. Zuciya tana bugawa daidai ne da taimakon gishirin jiki, musamman fotasiyam da magniziyam. Dogon azumi yana rage su, gudu kuma yana tilasta wa zuciya aiki ninki biyu. Wannan haɗari ba ya sallama kafin ya shigo. Ɗirkar ruwa zalla mai yawa bayan doguwar zufa ma ba ya gyara matsalar, yana ƙara tsinka gishirin da ya rage a jini.

Na huɗu, ƙoda. Tsokar da aka wahalar da ita fiye da kima tana iya fashewa ta zuba dattinta cikin jini, ya je ya toshe ƙoda. Alamar ita ce ciwon tsoka mai tsanani da fitsari mai duhu kamar baƙin shayi. Wasu kuma in jiki ya yi tsami sai su haɗiyi Ibuprofen ko Diclofenac ciki ba komai. Waɗannan magunguna a jikin da ya bushe suna cutar ƙoda, suna kuma tada gyambon ciki.

4. Amfanin motsa jiki a lokacin azumi

Kada ka ɗauka ana cewa ka kwanta a tabarma kwana 21. Zaman wuri ɗaya ma yana da tasa illa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci babban mutum ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, wato minti 30 sau biyar. Azumi bai soke wannan ba, ya dai sauya yadda za a yi shi.

Tafiya mai ɗan sauri tana taimakon tsoka ta riƙe ƙarfinta. Tana motsa hanji, domin taurin bayan gida yakan dami masu azumi. Tana kawo barci mai daɗi, tana rage ƙunci da saurin fushi. Tana kuma taimakon addu'a. Kai ma ka sani, sau nawa ka durƙusa da tsakar rana gyangyaɗi ya sace ka? Mai tafiya yana addu'a ba ya gyangyaɗi. Ka zaga unguwarku kana roƙo domin gidajen da kake wucewa, makarantar yara, asibiti, kasuwa. Jiki ya samu nasa, ruhu ya samu nasa.

Wasu suna gudu ciki ba komai don su ƙone kitse. Gaskiya ne a lokacin gudun jiki yana ƙona kitse fiye da in an ci abinci. Amma in aka duba bayan makonni, abin da ke rage ƙiba shi ne yawan abin da kake ci da yawan motsinka gaba ɗaya. A nan ma akwai tambayar zuciya. A Zakariya 7:5 Ubangiji ya tambayi mutanensa ko domin sa suka yi azumin da suka yi shekara da shekaru. In sikeli kake dubawa kowace safiya fiye da Littafi Mai Tsarki, ka tsaya ka tambayi kanka wa kake wa azumin.

5. Kowane azumi da abin da ya dace da shi

Azumin wuni, daga safe zuwa ƙarfe 6 na yamma. Mai lafiya yana iya tafiyar minti 20 zuwa 30 da sanyin safiya, muddin ya sha ruwa sosai da dare. Sassarfa ka bar ta sai bayan buɗa baki da awa ɗaya ko biyu. Ka rage nisa da sauri zuwa kamar rabin yadda ka saba.

Azumin Daniyel, inda ake cin ganye, wake da 'ya'yan itace, a bar nama da kayan daɗi, kamar yadda ya yi mako uku a Daniyel 10. Wannan ya fi dacewa da mai atisaye, domin ruwa da abinci suna shiga.

Azumin ruwa zalla na kwanaki. Bayan rana ta farko, gudu ya tsaya. Tafiya a hankali cikin inuwa ta isa. Wanda zai wuce kwana uku ya fara ganin likita, kuma kada ya kasance shi kaɗai a gida.

Azumin da ba ci ba sha. Babu gudu, babu ƙwallo, babu aikin ƙarfi a rana. Esta ma, da ran al'ummarta ke kan siraɗi, kwana uku ta sa.

Ga ma'auni mai sauƙi: in kana tafiya kana iya faɗin Addu'ar Ubangiji da murya ba ka sarƙe ba, saurinka daidai ne. In numfashi yana katse maka jimla, ka sassauta.

In kuma gwajin shiga soja ko wata gasa ta faɗo cikin kwanakin azumi, ka je wurin fastonka ku yi magana. Ba a haɗa gudu da susar katara. Za ka iya komawa azumin Daniyel, ko ka keɓe wasu kwanaki bayan gwajin. Allah ba ya manta da kalanda.

6. Waɗanda bai kamata su haɗa gudu da azumi ba

Mai ciwon sukari, musamman mai allurar insulin ko ƙwayoyin saukar da sukari. Ya ga likitansa kafin ya fara azumin ma. In ya auna ya ga ƙasa da 70 ko sama da 300, ya buɗa baki nan take.

Mai hawan jini da ke shan magani, musamman mai sa yawan fitsari, da mai ciwon zuciya ko na ƙoda. Kada kowa ya ajiye maganinsa da sunan azumi ba da sanin likita ba.

Mai sikila, domin rashin ruwa da gajiya suna tada ciwon. A Nijeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana da rukunin jini AS, kuma ko da yake yawancinsu lafiya lau suke, gudu mai tsanani cikin zafi ba ruwa yana da haɗari gare su.

'Yar'uwa mai ciki ko mai shayarwa, ran da kike ɗauke da shi amana ce. Haka yara masu tasowa, tsofaffi, mai gyambon ciki, da wanda bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ko gudawa ba.

7. In jiki ya yi magana

Ka tsaya nan take in ka ji jiri, ciwon ƙirji, zuciya tana tsalle ba daidai ba, amai, ɗaurewar tsoka, ko maganarka ta fara harɗewa. Ka shiga inuwa, ka kwanta, ka ɗaga ƙafafu. Ka sha ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sukari cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin cokalin shayi, ko ka haɗa na leda da ake sayarwa a kemis. Kurɓa kaɗan-kaɗan.

In ɗan'uwa ya sume, kada a ɗura masa komai a baki, zai iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe, a sassauta tufafinsa, in jikinsa ya yi zafi a jiƙa shi da ruwa ana fifita. A kai shi asibiti ba jinkiri. Mu yi addu'a muna kan hanya.

Buɗa baki don ceton rai ba faɗuwa ba ce. Dawuda da mutanensa sun tsinci wani Bamasare a jeji wanda ya yi kwana uku bai ci bai sha ba. Ruwa suka ba shi, da gurasa, da ɓaure da busasshen inabi, ya farfaɗo, kuma shi ne ya nuna musu hanyar ƙwato iyalansu (1 Sama'ila 30).

8. To, ina bangaskiya?

Wani zai ce, ai Iliya ya yi gudu gaban karusar Ahab daga Karmel har Yezreyel. Gaskiya ne, ikon Ubangiji ne ya sauko masa. Amma ka juya shafi. Da Yezebel ta yi masa barazana ya gudu har Biyer-sheba, tafiyar da ta fi kilomita 100, ya ƙara wuni guda cikin jeji, ya zube ƙarƙashin itace yana roƙon mutuwa. Me Allah ya yi wa annabinsa? Bai tsauta masa ba, bai ƙara masa azumi ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da gurasa mai ɗumi da tulun ruwa. Ya ci, ya sake kwanciya. Mala'ikan ya sake tashe shi ya ci, domin tafiyar da ke gabansa ta fi ƙarfinsa. Bayan haka ne ya yi kwana 40 zuwa Horeb. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma Allah da kansa ne ya fara ba Iliya ruwan cikin.

Ubangijinmu Yesu ya yi azumin kwana 40. A can Shaiɗan ya kai shi kan ƙololuwar Haikali, ya ɗauko alkawarin Zabura 91 ya ce ya diro. Yesu ya ƙi, domin jefa kai cikin haɗari don a tilasta wa Allah ya yi ceto gwada Allah ne. Alkawarin Ishaya 40:31 game da sabon ƙarfi ga masu sauraron Ubangiji gaskiya ne, amma an ba da shi ga gajiyayyun mutane don su jure, ba a ba da shi don a yi fariya a filin wasa ba.

Ka tuna kuma da taron da ya yi kwana uku tare da Yesu ba abinci (Markus 8). Ya ƙi sallamarsu da yunwa don kada su sume a hanya. Bulus ma, bayan kwana 14 cikin guguwar teku, ya roƙi mutum 276 da ke jirgin su ci abinci domin su tsira, ya fara gutsura a gabansu yana godiya ga Allah (Ayyukan Manzanni 27). Wannan Bulus ɗin ne ya gaya wa Timoti cewa horar da jiki tana da ɗan amfani, ibada kuwa tana da amfani ta kowace fuska. Bai raina na farko ba, ya dai sa kowanne a matsayinsa.

9. Ranar da azumi ya ƙare

Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe. Wanda ya yi fiye da kwana biyar bai ci abin kirki ba, in ya auka wa tuwo ko sakwara da nama lokaci guda, gishirin jininsa, musamman fosfet da fotasiyam, yakan faɗi ba zato, har ya taɓa zuciya da numfashi. Ka fara da ruwa, kankana ko gwanda, kunu mai ruwa-ruwa, sai faten acca ko na tsaki, kaɗan-kaɗan sau da yawa. Ka ba cikinka kwanaki kafin abinci mai nauyi. Gudu kuma ka dawo masa daga tafiya zuwa sassarfa, a cikin mako ɗaya ko biyu. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyin tattaunawa

1. Mene ne bambancin azumin da Saul ya ɗora wa sojojinsa da azumin da Ruhu Mai Tsarki ke bishe mu mu yi?
2. Don me kake gani Allah ya ciyar da Iliya kafin ya yi masa magana a Horeb?
3. Wane irin azumi ya dace da lafiyarka da aikinka a bana? Ka gaya wa wani?
4. Akwai ɗan'uwa a ƙungiyarku mai ciwon sukari, sikila ko hawan jini da yake jin nauyin faɗa? Yaya za ku sauƙaƙa masa?

Addu'a

Ya Uba na sama, mun gode domin jikin da ka ba mu da Ruhunka da ke zaune a cikinsa. Ka tsare mu daga girman kai da ke sa tufafin bangaskiya. Ka ba mu hikimar sanin lokacin gudu da lokacin hutawa, lokacin kamewa da lokacin karɓar gurasa daga hannunka. Ka ƙarfafa marasa lafiya a cikinmu, kada su ji kamar an bar su a baya. Bari azuminmu ya kai mu gare ka, mu gama shi da lafiya domin hidimarka. A cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.